Yadda Na Kai Surukata Bakin Gada

Amina, ke kika jawo wannan babin. Ran sunan ɗanki na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawayenki cewa ai Baba ne ya ɗauki Sitti, kakarku ta wajen uwa, ya kai ta Falasɗinu ya baro ta, don ya gaji da cin abinci a ɓoye. Aka yi dariya, ni ma na yi daga bayan labule, domin rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa gara ku ji shi daga bakina, ke da ƙannenki. Na nemi izinin Umminku kafin in rubuta, tunda da ita a ciki. Ta ce in rubuta amma kada in ƙara gishiri, na yi mata alkawarin ba zan wuce gishirin mai tsire ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar Kudus suna ce da ake faɗa a labarai ba za ku gane ba, amma a da hanya ce kamar ta Madina. Mutanenmu in sun gama aikin Hajji, mai hali ba ya cewa ya kammala sai ya je ya yi sallah a Masallacin Aƙsa, abin da ake kira taƙdisi. Mahaifina ya yi shekaru yana cewa zai je, da ya ga ƙafa ta fara nauyi sai ya ce in ajiye tsinken tsire in raka shi. Muka sauka wajen 'yan'uwanmu Takari, wato baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasashenmu, da ke zaune daf da ɗaya daga cikin ƙofofin masallacin, a wasu tsofaffin ɗakunan dutse da aka ce kurkuku ne a zamanin Turkawa. Ɗakin kakanku na wajen uwa, in ka miƙe ƙafa sai ta fita tsakar gida, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai yi hamdala a madadinka. Amma kana buɗe ƙofa ka ɗan taka, kana cikin harabar masallaci. Gadin ƙofar nan shi ne aikin kakanku, kuma bai ga sarkin da zai yi musanye da shi ba. A gidan na ga Safiya, Umminku, tana kawo shayi mai na'ana'a. Na sha tulu guda ban san ina sha ba. Mahaifina ya je taƙdisin Hajjinsa, ya dawo Jidda da matar ɗa.

Sitti kuwa, wadda har yau hannuna ba zai iya rubuta sunanta ba, tana yarinya iyayenta suka fito da ita daga ƙasar Katsina a ƙafa. Ta tsufa a Kudus, Larabcinta na can, girkinta na can, amma al'adun da ta ɗauro a bakin zane tun daga gida ba ta yar da ko ɗaya ba. Alhazan da ke zuwa daga Katsina ma in sun zauna da ita sai su ce abin da take yi kakanninsu ne ke yi.

Shekarar da aka ci Kudus, ta zo Hajji tare da jama'ar unguwarsu, ta tarar Safiya da tsohon ciki, cikinki. Aka sauko daga Arfa, motarsu ta shirya komawa, direba ya zo har ƙofar gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda yana ta yalla, yalla, a zo a tafi. Ta aika masa ya tafi. Ta ce ba a taɓa yi ba a danginsu, 'ya ta yi haihuwar fari uwarta na da rai a bar wata ta yi mata wankan jego. In an yi arba'in za ta bi wata motar. Ba wanda ya ga aibin wannan, har kakanku ya aiko cewa ta yi daidai, shi zai lallaba da falafil, ƙosan kasuwar can. Aka haife ki, aka kafa tukunya. Ku tuna Jidda ce, zafi ya shigo, irin wanda in ka ajiye ƙwai a taga kafin ka nemo gishiri ya dahu, amma Sitti safe da yamma sai ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta fyaɗa wa Umminku. Mai kawo mana ruwa a garwa ya tambaye ni ko wurin wankan haya muka buɗe. Maƙwabcinmu, wani Balarabe Bahadrame, ya ga tururi na fita ta taga ya rugo da bokiti. Ga kunun kanwa kofi bayan kofi, har ni da ban haihu ba na murmure.

Saura kaɗan a yi arba'in yaƙi ya tashi a can ƙasarsu. Kwanakin farko muna gahawa, wurin shan shayi, an kewaye rediyo, ana cewa an kakkaɓo jirage kamar fara, har na raba tsire kyauta. Kafin mako ya zagayo aka ci Kudus, aka daina kallon juna. Na dawo gida na tarar Sitti zaune da ke a cinya, rediyo a kashe, tana ta shafa miki kai ba ta san tana yi ba. Daga baya labari ya riƙa isowa guntu-guntu: an rushe wata unguwa da ake kira Magariba da ke kusa da su, mutane sun tsallaka kogin Urdun da yara a kafaɗa, kakanku yana raye, bai motsa daga ɗakinsa ba. Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Sojojin mamaya sun hana fita, sun bi gida-gida suna ƙirga duk wanda suka samu. Wanda aka samu aka ba shi hawiyya, wato katin zama a garin da aka haife shi. Wanda ba ya nan ranar, ko asibitin Amman ya je, ko karatu, ko wankan jego, an rubuta shi ba ya nan, kuma ba shi da sauran haƙƙin dawowa. An ce kakanku ya nuna wa sojan takalmanta a bakin ƙofa da dardumarta a rataye, ya ce matar gida ta je ganin jika ne, yanzu za ta dawo. Sojan ya ce shi mutane aka aiko shi ƙirgawa.

Haka baƙuwar arba'in ta zama 'yar gida, ni kuma na shiga halin da ban taɓa shiga ba. Mu haihuwar Jidda mun san ana kunyar suruka, amma kunyarmu ta gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Ta Sitti ta asali ce. Ba ta kiran sunana, ko Bakurin da kowa ke kira na da shi, ba na kiran nata. Ba ta zama inda nake, ba na cin abinci ko shan ruwa inda idonta zai kai, kuma magana ba ta wuce gaisuwar safe, ita ma ta bayan labule. Gidan ɗaki biyu ne. Ni da kuka sani, wanda in bai yi magana ba cikinsa ke kumbura, in bai ci ba duniya ke juyawa, na koma ɗaukar kwanona in hau soro in ci tare da tantabaru. In rana ta yi yawa in sauko lungu. Kyanwowin Hindawiyya sun ɗauke ni ɗan'uwa, akwai wata mai ido ɗaya da ke ajiye min wuri. Na rame har wandona ya riƙa zagaye ni sau biyu, ko da yake Umminku ta ce a hoton shekarar na fi kowa kumatu. Duk abin da ke tsakanina da Sitti sai ya bi ta bakin Safiya: ki gaya wa maigidan gawayi ya ƙare, ki gaya wa Hajiya an gode da addu'a.

Kasuwa ma ta ji jiki. An rufe mashigin Suwais, jiragen ruwa suka ragu a tasha, leburorin da ke sayen tsirena bayan sun tashi aiki suka koma sayen ƙamshi kawai. Ga maganar takarda, don bizar Hajji ba ta zaunar da mutum. Na je yi mata iƙama, takardar zama, ni ne kafilinta mai tsaya mata. Ma'aikacin ya ɗago kai ya tambayi sunanta. Na ce uwar matata ce. Ya ce kowa a layin nan yana da uwar mata, sunanta yake tambaya. Na tura masa takardar tafiyarta, ya ture, ya ce shi da baki yake son ji, ya san ko na san wadda zan ɗauki nauyinta. Wani dattijo Bayamane da ke bayana ya leƙo ya karanta sunan da ƙarfi, ya ce wa ma'aikacin, ya shehi, Takari ne, haka suke, ka buga masa hatimi mu wuce. Ban sake ganin dattijon nan ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

A can kuma kakanku ya nemi abin da suke kira haɗa iyali, aka ƙi. Ya sake nema, aka sake ƙi, ba tare da an ce don me ba. Shi kuma ba ya iya tahowa, don duk wanda ya fita ya daɗe hawiyyarsa ta mutu, ɗakin kuma ba a san hannun da zai faɗa ba. Labarinsa yana zuwa mana ne sau ɗaya a shekara ta bakin Malam Salihu, maƙwabcinsu, wanda ke biyo alhazan can a matsayin mai dafa musu abinci. Lokacin da yake zuwa ni ina Makka ina fama da gasa nama, sai ya zauna da Sitti da Safiya ya tafi, in na dawo in ji abin da aka ce ya ce. Ni kuma lokaci-lokaci nakan ce wa Safiya ta tambayi Hajiya ko akwai abin da take so in yi game da komawarta. Sai ta shiga ɗaki ta fito ta ce Hajiya ta gode, ta ce hankalinta a kwance yake, ga jikoki. In ce alhamdu lillahi, in ɗauki kwanona in hau soro.

Aka shekara uku a haka, aka shiga ta huɗu. Wata la'asar bayan Hajji, ina wajen sana'a, wuta ta kama, mutane sun taru, sai ga wata mace cikin baƙar abaya, fuska a rufe, ta tsaya a gefe har kowa ya watse. Ban ɗago ba na ce, na'am ya hajja.

"Mai tsire, sa min tsinke biyu. Kada ka cika yaji."

Muryar Sitti ce. Wuƙa ta faɗi daga hannuna. Na nemi inda zan shige, ba wurin ɓuya sai cikin garwashi.

"Tsaya inda kake," in ji ta. "Ba wajen mijin 'yata na zo ba. Shi ina jin kunyarsa, kuma da ita zan mutu. Wajen mai tsire na zo, don an ce duk Hindawiyya ba mai kai magana kamarsa. Ka gaya wa mijin 'yata mijina Alhaji ya makance, bara ido ɗaya, bana duka biyun. Shekara uku ina aika masa ina so in koma, yana aiko min in bari hanya ta yi kyau. Ka tambayar min shi yaushe za ta yi kyau."

Na tsaya ina juya naman da ya riga ya ƙone. Sai na ce wa garwashin, ba ita ba:

"Hajiya, mijin 'yar taki na san shi, ƙato ne marar wayo. Amma wallahi wannan saƙon bai taɓa isa kunnensa ba. Shi abin da ake gaya masa, hankalinki a kwance yake."

Mu duka mun gane inda saƙon ke kwana, wajen Safiya. Can ta ce kada mijin 'yarta ya kuskura ya yi wa yarinya faɗa, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Sannan ta bayyana wa mai tsire abin da ta shirya da Malam Salihu. Masu mamaya sun fara ba da tasrihi, izinin ziyara na lokacin bazara: na ciki ya nema wa ɗan'uwansa na waje, ya tsaya masa, a shigo ta gadar kogin Urdun, in wa'adi ya cika a fita. Ita za ta shiga da shi, amma ba za ta fita ba. Ta san abin da hakan ke nufi. In aka kama ta za a jefo ta bayan kogi a hukunta tsohon. In ba a kama ta ba, ba za ta sake ƙetare ƙofar gari ba har ta mutu, ba Hajji, ba Jidda, ba Safiya. Abin da take bukata namiji ne da zai kai ta bakin gadar. Ta karɓi tsirenta a takarda, ta ce ya ƙone, ta tafi.

Washegari da hantsi, Sitti ta kwashe ku ta kai ku maƙwabta da gangan, na zauna da Umminku. Na yi niyyar fara da wasa kamar yadda na saba, wasan ya ƙi zuwa. Ban ƙarasa tambaya ba ta ce e, ita ce, kuma in aka mayar da ita baya haka za ta sake yi. Ta yi magana mai tsawo, rabi Hausa rabi Larabcin Kudus, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci. Ta ce Malam Salihu ya ba su labarin matan da ake tuɓewa a gada, da tsofaffin da ake ɗauka a mota a zubar a bakin kogi. Ta ce ubanta yana da maƙwabta, yana da masallaci, ita fa, wa take da shi a garin nan?

"Kai uwarka tana nan unguwar Sa'alaba, Bakuri. In ka yi marmarinta ka hau bas, kafin shayi ya huce kana gabanta. Ni gidanmu an ɗauke shi, ita kaɗai ta rage min, ita ma don Amina ta tare ta. Yanzu kana so in sa ta a mota da hannuna?"

Na ce mata ni dai abu ɗaya na gani: jiya mace mai kunya irin ta uwarki ta tsaya a kasuwa gaban surukinta. Wadda ta kai ga haka, in ban kai ta ba za ta bi wani direban da ba mu sani ba, kuma sai mu rasa ta ba tare da ta sa mana albarka ba. Safiya ta ce in yi abin da na ga dama, halas, ita ta gama magana. Daga ranar ta daina yi min magana kai tsaye. Ke, Amina, kina 'yar shekara huɗu, kika gaji muƙamin. Ki gaya wa ubanki abinci na nan. Na zama mutumin da mata biyu ke zaune da shi a ɗaki biyu kuma ba mai yi masa magana, ni da ake biya min kuɗin shayi a gahawa don in yi shiru.

Malam Salihu bai riga ya bar Madina ba, na aika masa ya gaya wa kakanku ya nemi tasrihin. Da bazara ta yi aka aiko cewa takardar tana jiranmu a Amman wajen wani Batakare mai gyaran takalma. Ran tafiya Safiya ce ta ɗaure kayan da kanta, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sa wa ubanta kilishin da na yi, da turare, da farar hula. Mota ta tashi tana tsaye a bakin lungu da ƙaninki a hannu, ba ta ɗaga hannu ba.

Tafiyar nan, in na ce muku na sha wuya za ku ce halina ne. Motar haya ce, mu takwas da akuyar wani Badawi, Sitti a gaba cikin mata, ni a can baya. Madina, Tabuka, Ma'an, rairayi har ya gaji da kansa. Matsalata ɗaya, ina zan ci abinci? Ba soro, ba lungu, sahara ce fetal, in ka yi tafiyar yini ma ana hango ka kana tauna. Tsayawar farko na zauna ina kallon mutane na cin shinkafa ina haɗiyar yawu. Sai na ji minshari. Sitti ta ja mayafi ta rufe fuska, ta jingina da taya, tana wani irin minshari da ya sa akuyar ta tsinke igiya. Shekara huɗu muna gida ɗaya ban taɓa jin ko numfashinta ba. Na ci na ƙoshi, ina wanke hannu minsharin ya tsaya cak. Haka ta yi min a kowane zango har Amman, direba yana cewa wannan hajja Allah ya ba ta barci.

Kwarin da gadar take ya fi Jidda zafi, wannan kuwa ba gishiri. Daga ɓangaren Urdun aka tara mu a wata rumfa, ƙuda kamar an yi odarsu, mata da ƙunshin kaya, yara na kuka, tsofaffi riƙe da takarda a hannu biyu kamar za ta tashi sama. Masu rakiya iyakarsu nan, daga nan bas ne ke ɗaukar masu tasrihi. Wata mata da ta taɓa shiga ta riƙa bi tana gaya wa mutane abin da ba ya wucewa: abinci a zubar, turare a zubar, duk abin da ke rufe a fasa, takalma a karɓe a bincika, filo a farke. Sitti ta kwance ƙunshinta a ƙasa ta fara ware kaya. Kilishi ya dawo gefena, turare ya dawo, gorar zamzam da ta so ta wanke wa tsohon ido da ita ta dawo. Abin da ya rage tufafinta ne, da hular, da farin yadi ninki biyu. Na gane shi, likkafani ne irin wanda alhazai ke jiƙawa da zamzam su shanya. Matar nan ta duba ta ce yadi yana wucewa. Sitti ta ce to madalla, shi ne mai muhimmanci.

Aka fara kiran sunaye. Ta miƙe, ta ɗora ƙunshin a ka irin na mutanen gida, ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Abubakar."

Na ce na'am, muryata kamar ta ɗan akuya.

"Ka ci abincinka a ɗaki yanzu. Ka yi haƙuri da ita, za ta daɗe ba ta huce ba. Allah ya yi maka albarka."

Bas ɗin ya tashi, na bi shi da ido har ƙura ta rufe shi. Na zauna a rumfar nan na cinye kilishin kakanku duka ina kuka, wata tsohuwa Bafalasɗiniya tana ba ni ruwa tana cewa in yi haƙuri, uwa ce? Na ce mata e.

Na dawo Jidda, bazara ta wuce, wa'adin tasrihi ya cika, ba labari. Ba mu san ko tana ɗakinta ba, ko tana wani sansani a bayan kogi. Watannin nan su ne mafi tsawo a aurena. Na ci abinci a ɗaki kamar yadda aka umarce ni, amma na fi jin daɗin na soro. Da Hajji ya zagayo ban je Makka ba, na bar kasuwar shekara ta wuce, na zauna jiran Malam Salihu, don wannan karon da kunnena nake son ji.

Ya zo, ya sha ruwa, ya ce tana nan lafiya. Ya ce ran da ta iso an yini ana bincikensu, ta shigo gidan da yamma ba takalmi ɗaya. Tsohon yana zaune a bakin ƙofa. Ba ta yi masa sallama ba ta wuce ciki, aka ji ƙarar kwanoni, sai muryarta tana tambayar wane marar tsoron Allah ne ya ƙona mata tukunya haka. Tsohon ya ce wa na kusa da shi, ta dawo, ya sa hula ya rufe fuska. Umminku ta yi dariya, ta farko tun tafiyar, dariyar ta juye kuka, ta tashi ta shiga ɗaki. Malam Salihu ya ci gaba da ba ni labari. Da wa'adi ya wuce an kira kakanku ofishinsu, wani ya ja shi ya kai shi, aka tambaye shi ina matar da ya tsaya wa. Ya ce shi makaho ne, rabonsa da ganinta tun kafin yaƙi. Aka ci shi tara, mutanen gidan suka haɗa suka biya. In sojoji sun shigo lungun, matan gidan sai su ja ta tsakiyarsu a zauna ana tsintar waken adas, ko a wuce da ita ɓangaren mata a masallaci. Har Larabawan lungun, mai burodi da mai kayan miya, duk sun san tana nan, ba wanda ya taɓa sani in an tambaya. Mutanen nan ban san fuskar yawancinsu ba, kuma ban san da me zan biya su ba.

Ran nan da la'asar Safiya ta ajiye min abinci ta ce, ci, Bakuri. Da bakinta, ba aike.

Sitti ta yi sauran shekarunta tsakanin ɗakin nan da masallaci. Ba ta sake zuwa babbar kasuwa ba, ba ta ga likita ba sai wanda ya yarda ya zo gida a ɓoye. Ita ke jan kakanku zuwa sallah, ita ke gaya masa launin sama. Duk shekara Malam Salihu ya kawo mana garin ƙamshi na za'atar da man zaitun da faɗa: a yi wa Amina kitso, a daina ba yara ruwan ƙanƙara. Mun yi ta cewa baɗi abubuwa za su canza, mu je ko ta zo. Ba su canza ba. Kakanku ya rasu a hannunta, sanyin da ya biyo baya ita ma ta bi shi, aka binne su a maƙabartar da ke jikin katangar masallaci. Mu ba mu ji ba sai da alhazai suka zo, watanni bayan an gama komai.

Umminku ta yi zaman makoki duk da haka, matan Hindawiyya da na Sa'alaba suka cika gidan, har da waɗanda Sitti ta yi wa 'ya'yansu wankan jego a shekarun da ta yi a nan, don ashe ba Safiya kaɗai ta dafa ba. Da aka watse na same ta a tsakar gida tana wanke kofunan gahawa. Na tsuguna ina ɗauraye mata. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Da a nan ta rasu, da ni zan yi mata wanka."

Na ce haka ne. Ta ci gaba da wanki har kofunan suka kusa ƙarewa.

"Amma da ban iya kallon fuskarta ba," in ji ta. Ta miƙo min kofi na ƙarshe. "Gara da ka kai ta."